Yadda za ka haɗa wa ɗalibai wasan rikicin makaman Kuba na 1962 ba tare da ya koma dibet ba

Malamai 'yan uwana da masu riƙe da kulob na makaranta sun sha tare ni a kan wasan nan na Amurka da Sobiyat da yaranmu 'yan SS2 suke yi ƙarshen zango na biyu, wai ya muke tsara shi. Toh gashi na zauna na rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya sai dai in tura masa wannan a WhatsApp.

Karon farko da na gwada kwaɓa ce zalla, ba sai na ɓoye ba. Na tara yara kusan arba'in a hol ɗaya, na raba su biyu na ce ku ne Amurka ku kuma Tarayyar Sobiyat, ku sasanta. Ko minti ashirin ba a yi ba abu ya koma dibet, wannan ya miƙe ya ce jari hujja ce gaskiya wancan ya ce gurguzu, ana tafi ana ihu, sannan wani yaro da ya riga ya leƙa intanet daren jiya ya ɗaga hannu ya ce Malam ai kawai su cire makaman Kuba mu kuma mu cire na Turkiyya, shikenan. Aka watse. Ranar na gane kuskurena. Abin da ya sa rikicin nan ya kusa cinye duniya ba wai an rasa mafita ba ne, mafitar a fili take, yaro ɗan shekara sha shida ma ya gan ta. Matsalar ita ce kowane ɓangare yana cikin duhu game da ɗan uwansa, saƙo yana ɗaukar awanni kafin ya isa, kuma ba wanda zai iya ja da baya a gaban jama'arsa ba tare da an ce ya ji tsoro ba. In ba ka saka waɗannan ukun a wasanka ba, dibet kawai ka yi.

Ka fara da darasi ɗaya ko biyu na shimfiɗa, amma ka tsaya cak a ranar 16 ga Oktoba 1962, kar ka wuce. Abin da ya kamata su sani: Fidel Castro ya karɓi mulkin Kuba a Janairun 1959 bayan ya kori shugaba Batista, Amurka ba ta ji daɗi ba, a Afrilun 1961 ta ɗauki nauyin wasu 'yan gudun hijirar Kuba suka kai hari ta gaɓar da ake kira Bay of Pigs don su kifar da shi, aka yi musu kaca-kaca cikin kwana uku, Shugaba John Kennedy ya sha kunya. A gefe guda Amurka ta girke makamai masu linzami na nukiliya samfurin Jupiter, 15 a Turkiyya 30 a Italiya, wato a bakin ƙofar Sobiyat. Ga rigimar Balin, inda aka fara gina katanga a Agustan 1961. Shi kuma shugaban Sobiyat Nikita Khrushchev ya san cewa a yawan makaman da ke iya tsallaka teku Amurka ta fi shi ninkin ba ninkin, sai ya yanke shawarar ya lallaɓa ya kai nasa Kuba a ɓoye. Ranar 14 ga Oktoba jirgin leƙen asiri U-2 ya ɗauko hotunan wuraren harba makaman a kusa da garin San Cristóbal na Kuba, ranar 16 da safe aka kai wa Kennedy labari.

In za ka faɗa musu nisan Kuba da Amurka kar ka ce mil 90, ba za su ji komai a jikinsu ba. Ka ce musu kusan kilomita 145 ne zuwa jihar Florida, wato kamar ka hau mota a Bauchi ka sauka Gombe. Nan za ka ga sun gyara zama.

Sai ɗakuna. Dole ne kowane ɓangare ya zauna ɗakinsa daban, nesa da juna yadda ba za su ji muryar juna ba, shi ya sa muke yi ranar Asabar da safe lokacin da azuzuwa ba kowa, ka nemi izinin firinsifal tun da wuri. Aji ɗaya Washinton, wani aji can ƙarshen bulo Mosko, ƙaramin ɗaki Habana babban birnin Kuba, sai Majalisar Ɗinkin Duniya mu dai a gindin darbejiya muke saka ta da benci huɗu. Ka karɓe wayoyi gaba ɗaya tun a bakin get, ba sani ba sabo, don waya ɗaya tak in ta tsira a aljihun wani ta kashe wasan.

A Washinton ka sa Kennedy da ƙaninsa Robert wanda shi ne ministan shari'a, sai Robert McNamara na tsaro, Dean Rusk na harkokin waje, McGeorge Bundy mai ba da shawara kan tsaro, Janar Maxwell Taylor, John McCone shugaban hukumar leƙen asiri ta CIA, da Llewellyn Thompson wanda ya yi jakada a Mosko ya san halin Khrushchev. Kwamitin da suka yi ta zama cikin kwanakin nan shi ake kira ExComm. Ni ina ƙara Janar Curtis LeMay shugaban sojan sama duk da ba ɗan kwamitin ba ne, saboda kana buƙatar mutum mai zafin kai da zai yi ta cewa a kai hari yau ba gobe ba, ka ba wa yaron da ya fi kowa baki a aji wannan kujerar. A Mosko akwai Khrushchev, Andrei Gromyko ministan waje, Marshal Malinovsky ministan tsaro, da dattijo Anastas Mikoyan mai sanyin rai. Habana kuma Fidel, ƙaninsa Raúl, Che Guevara, da Janar Pliyev kwamandan sojojin Sobiyat da ke tsibirin. A gindin bishiya U Thant ɗan ƙasar Bama, muƙaddashin babban sakatare, da Adlai Stevenson na Amurka da Valerian Zorin na Sobiyat. Mutum ɗaya ne zai ba ka wahalar ajiyewa, Anatoly Dobrynin jakadan Sobiyat a Amurka. Shi na Mosko ne amma jikinsa yana Washinton, saboda haka ka ba shi kujera a baranda kusa da ƙofar ajin Amurkawa, shi kaɗai, kuma ba a yarda ya taka zuwa Mosko ba sai dai ya rubuta.

Kar ka ce tunda duk maza ne a tarihi sai maza za su hau manyan kujeru. Khrushchev mafi iya taku da na taɓa samu yarinya ce 'yar Gwallameji mai shiru-shiru, wadda a aji sai ka yi da gaske kake jin muryarta.

Yanzu ga inda aikin yake, katin sirri. Kowane ɗalibi za ka rubuta masa rabin shafi: waye shi, me yake so, me yake tsoro, da abu ɗaya da ya sani wanda ɗaya ɗakin bai sani ba. Ka saka a ambulan ka liƙe, ba a buɗewa sai an shiga ɗaki. Wannan ne zai cinye maka dare biyu ko uku amma kar ka yi ha'inci a nan. Misali katin Kennedy zai ce akwai zaɓen 'yan majalisa farkon Nuwamba, 'yan adawa na jiran su ce shi rago ne, kuma yana tsoron in ya taɓa Kuba, Khrushchev zai rama a kan Balin ta Yamma. Zai kuma ce makaman Jupiter ɗinnan tsofaffin yayi ne ba su da wani amfani sosai, amma in ya cire su a bainar jama'a saboda barazana, Turkiyya da sauran ƙawayensa na ƙungiyar tsaro ta NATO za su ce ya sayar da su. Katin McCone zai ce sojojin Sobiyat a Kuba ba su wuce dubu goma ba, don kusan haka Amurkawa suka ƙiyasta. Katin Pliyev kuwa zai faɗi gaskiyar magana, sun haura dubu arba'in, kuma bayan manyan makaman akwai ƙananan makaman nukiliya na fagen daga da za a iya harba wa duk rundunar da ta sauka bakin teku. Amurkawa ba su san da wannan ba sai bayan shekara talatin, a wani taro da aka yi a Habana a 1992. Ka duba fa, janar-janar ɗin da ke cewa a mamaye tsibirin ba su ma san abin da ke jiransu ba. Hausawa suka ce rashin sani ya fi dare duhu, to wannan duhun shi kake so yaran su zauna a ciki na awa uku. Katin Castro kuwa gajere ne: ya tabbata za a kawo masa hari ko yau ko gobe, kuma ƙasarsa ce ake ciniki a kai.

Abu na biyu da ke riƙe wasan shi ne 'yan aike. Ka ɗauki yara uku ko huɗu daga ƙaramin aji, masu gaskiya waɗanda ba za a saye su da biskit ba. Duk wasiƙar da za ta fita daga ɗaki zuwa ɗaki a rubuce take da bayiro, ɗan aike ya kawo teburinka, ta kwana minti biyar a hannunka kafin ta wuce. Yaran za su yi ta ƙorafi, Malam don Allah a sake ta, kar ka saurare su. Doguwar wasiƙar da Khrushchev ya rubuta ranar 26 ga Oktoba ta shafe kusan awa goma sha biyu kafin a fassara ta, a aika ta waya, a warware ta ta isa hannun Kennedy gaba ɗaya. Sai ka ba su hanya ta biyu, rediyo. Duk shugaban da ya ga ba zai iya jira ba yana iya ba da sanarwa ta rediyo, ɗan aike ya zaga ɗakuna huɗu ya karanta da ƙarfi nan take, amma kowa ya ji kenan har abokai har 'yan adawa, kuma abin da ka faɗa a rediyo ba ya janyuwa. Wallahi nan ne za ka ga yara suna gumi, a yi a ɓoye a makara ko a yi a fili a ɗaure kai. Haka ɗin ne ya faru, saƙonnin Khrushchev na 27 da 28 ta gidan rediyon Mosko aka karanta su saboda lokaci ya ƙure.

Agogo kuma, kwana 13 ne daga 16 zuwa 28, ni ina ba kowace rana kamar minti sha biyu, ina haɗe wasu ranakun da ba su da nauyi, in buga ƙararrawa in rubuta kwanan wata a allo ɗan aike ya sanar. Kwanakin farko Washinton kaɗai ta san an gano makaman, su za su yi ta gardama tsakanin ruwan bama-bamai ta sama, ko mamaya, ko tare jiragen ruwa, ko a bi ta lallami. Kar ka bar Mosko suna hamma, ka ba su aikin shirya abin da Gromyko zai faɗa, don ranar 18 ya ziyarci Kennedy a Fadar White House ya ce taimakon da suke ba Kuba na kare kai ne kawai, alhali Kennedy na da hotunan kuma bai nuna masa ba. Wannan ganawar ka bari a yi ta ido da ido minti uku, tana da daɗin kallo.

Ranar 22 Kennedy ya yi jawabi ta talabijin ya sanar da duniya. A nan ka tsaya ka nuna musu wasa da kalma. Abin da Amurka ta yi ƙawanya ce ta jiragen yaƙi, amma a dokar ƙasa da ƙasa toshe wa ƙasa hanyar ruwa daidai yake da shelar yaƙi, sai suka kira shi killacewa, irin wadda ake yi wa mai cuta. Abu ɗaya suna biyu, kuma sunan ne ya bar wa Khrushchev 'yar ƙofar da zai bi. Ranar 24 killacewar ta fara aiki, rundunar jiragen nukiliyar Amurka ta hau matakin DEFCON 2, taki ɗaya ya rage yaƙi. Ranar 25 ka tara kowa a gindin bishiya don zaman Kwamitin Sulhu, inda Stevenson ya tsare Zorin da tambaya ko akwai makaman ko babu, e ko a'a, Zorin ya ƙi amsawa, sai aka baje hotunan a gaban kowa. Ka buga hotunan U-2 ɗin a shagon fotokofi, ko baƙi da fari ne ya wadatar.

A wannan zaman ne nake shigo da namu. Gana da Masar, wadda a lokacin ake kira Haɗaɗɗiyar Jamhuriyar Larabawa, suna cikin Kwamitin Sulhu a 1962, kuma sun matsa a bar U Thant ya shiga tsakani. Najeriya ba ta cikin kwamitin, ka faɗa wa yara haka ƙarara, amma ni ina ba ta kujerar 'yar kallo mai damar magana sau ɗaya, don ba zai yiwu a yi wannan wasa a Bauchi a manta da Sa Abubakar Tafawa Balewa ba, shi ne firayim minista a lokacin, kuma a Yulin 1961 ya je Washinton ya gana da Kennedy har ya yi jawabi a majalisar dokokinsu. Sannan maganar nukiliya ba baƙuwa ba ce a wurinmu, Faransa ta fara gwajin bam ɗinta a saharar Aljeriya a Fabrairun 1960, kuma a Janairun 1961 gwamnatin Balewa ta kori jakadan Faransa a kan haka. Yaron da ya riƙe kujerar Najeriya bara sai da ya sa babansa ya kai shi kabarin Balewa ya zaga ɗakin ajiye kayan tarihin kafin ranar, ya zo da babbar riga da hula, ya yi magana a hankali, har masu gadi suka matso kallo.

Toh sai Asabar 27 ga wata, ranar da komai ya nemi kwancewa. Ka ba ta rabin awa cur, kuma ka zuba musu katuna uku cikin minti goma ba tare da ka bar su sun numfasa ba. Kafin nan Washinton ta riga ta karɓi wasiƙar 26, mai taushi, inda Khrushchev ya kwatanta rikicin da igiya mai ƙulli wadda in kowa ya ci gaba da ja ƙullin zai ƙara tamkewa har sai an sa wuƙa, ya ce zai janye in an yi alkawarin ba za a mamaye Kuba ba. Kati na farko: sabon saƙo ta rediyo mai tsauri, yanzu sai an cire makaman Turkiyya. Wanne ne na gaskiya? Ko sojoji sun ƙwace mulki a Mosko ne? Ka bar su su ruɗe. Kati na biyu: an harbo jirgin U-2 a kan Kuba, matuƙinsa Manjo Rudolf Anderson ya mutu, kuma ba Khrushchev ne ya ba da umarnin ba, kwamandojin da ke wurin ne suka yi gaban kansu, amma wannan Mosko da Habana kaɗai za su sani. Kati na uku: wani U-2 ɗin ya ɓace hanya ya kutsa sararin samaniyar Sobiyat ta can gabas mai nisa, har jiragen yaƙi suka tashi. A Mosko kuma ka miƙa musu wasiƙar Castro da ke cewa in Amurka ta mamaye, kar Sobiyat ta bari a riga ta harbi.

In kana da yara uku da suka rage, ga abin da ya fi komai tayar da tsikar jiki. Ka kulle su a sito, su ne jirgin ƙarƙashin ruwa B-59, ba wasiƙa ba rediyo, zafi kamar watan Afrilu, ka sa wani ya riƙa dukan ƙofar da gwangwani, wato jiragen Amurka da ke jefa ƙananan bama-bamai na gargaɗi don su tilasta shi ya taso. Katinsu ya ce suna ɗauke da makamin nukiliya, ba su ji daga gida ba kwana da kwanaki, wataƙila ma an fara yaƙi, kuma ba a harbawa sai duk ukun sun yarda. Yadda waɗanda ke cikin jirgin suka ba da labari daga baya, kyaftin Savitsky ya so ya harba, Vasili Arkhipov ya ƙi. Kar ka faɗa wa yaron da ke riƙe da katin Arkhipov abin da ya kamata ya yi. Amma fa ka bar taga a buɗe kuma kar su wuce minti goma a ciki.

Yadda aka ƙare a tarihi, Kennedy ya amsa wasiƙar farko a fili ya yi kamar bai ga ta biyu ba, sannan da daddare ya tura ƙaninsa ya gana da Dobrynin ya ce masa za a cire na Turkiyya nan da wata huɗu ko biyar amma da sharaɗin ba za a taɓa faɗa ba. Ranar 28 Khrushchev ya sanar da janyewa. An ɗage killacewar ranar 20 ga Nuwamba, an kwashe Jupiter zuwa Afrilun 1963, a Yunin shekarar aka sa hannu kan layin kai tsaye tsakanin Washinton da Mosko, wanda na'urar buga saƙo ce ba jar tarho ba kamar yadda ake zato, a Agusta kuma aka yi yarjejeniyar hana gwajin nukiliya a sama da cikin ruwa. Kar ka tura yaranka zuwa wannan hanyar. Dobrynin yana nan zaune a baranda tun safe, in Amurkawan sun tuna da shi sun tuna, in ba su tuna ba ruwansu. Akwai shekarar da namu suka kai hari, Pliyev ya rama, na buga ƙararrawa na ce wasa ya ƙare, aka yi tsit kamar an yi mutuwa, wanda ya yi LeMay ya ce Malam ai ba wanda ya faɗa mana suna da wannan. Na ce masa su ma na gaskiyar ba wanda ya faɗa musu.

Ka ware aƙalla minti arba'in na ƙarshe a haɗu wuri ɗaya, a nan ake kawo masa da miya da fiya wata, kowa ya karanta katinsa na sirri da ƙarfi. Sai a lokacin kake ba su labarin ainihin yadda aka ƙare. Tambayoyin da nake yi ba su da yawa: yaushe ka fi jin tsoro, wace wasiƙa ka yi wa mummunar fahimta, kuma wa ya yi nasara. Ta ƙarshen nan tana kawo gardama mai daɗi, don a idon duniya Khrushchev ne ya ja da baya tunda maganar Turkiyya sirri ce, kuma a Oktoban 1964 abokansa suka tsige shi, amma Kuba dai ba a mamaye ta ba. Ka kuma ba 'yan Habana dama su huce, kusan kullum su ne suka fi fushi, sai su ce an yi ciniki a kansu ba a ko tambaye su ba. Ka ce musu haka Castro ya ji, shi ma a labarai ya tsinci maganar janyewar, ya ƙi yarda masu bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya su shiga ƙasarsa ko da U Thant ya je Habana da kansa, sai da aka tura Mikoyan ya shafe makonni yana lallashinsa.

Maki kuma, kar ka bayar a kan wanda ya hana yaƙi, in ka yi haka kowa zai zama malamin sulhu tun minti na farko. Ka bayar a kan wanda ya riƙe katinsa da gaskiya, da shafi ɗaya da kowa zai rubuto ranar Litinin kan dalilin shawarar da ya yanke. Kuma kafin su fita get ka ƙirga katunan sirrin nan ɗaya bayan ɗaya ka karɓe abinka, bara na Pliyev ya ɓace, bayan sati biyu na gan shi a hannun wani ɗan SS1 yana haddacewa, dole na sake zama na canza rabin katunan Habana.